Zaman Tare na Ɗaliban Manyan Digirori a Lokacin Annobar Korona

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malamaina, iyayenmu da ke cikin wannan zaure, da 'yan'uwana ɗalibai, barkanmu da warhaka. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama da suka ba ni dama in yi magana a kan abin da na gani da idona, domin a shekarar 2020 ni ma ina cikin masu rubuta kundin digiri na uku a nan Bauchi.

Bari in fara da tuna mana yadda abubuwan suka jeru, saboda mantuwa ta fara cin wasu daga cikinsu. A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ke ɗauke da cutar korona a Najeriya, a Legas. A ranar 9 ga Maris ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta shiga yajin aikin gargaɗi na mako biyu, kuma a ranar 23 ga watan ta mayar da shi na sai-baba-ta-gani, daidai lokacin da umarnin rufe jami'o'i saboda annobar ya fara aiki. Kashegari aka sanar cewa gwamnan jiharmu, Sanata Bala Mohammed, ya kamu da cutar, sai kowa a Bauchi ya gane cewa abin ya iso gida. Ba a janye yajin aikin ba sai ranar 23 ga Disamba, wata tara ke nan cif, kuma sai a Janairun 2021 jami'o'i suka fara buɗewa. Ƙofa ɗaya ce aka sa mata kwaɗo biyu, shi ya sa ko da aka sassauta dokar kulle, mu ba mu ga sauƙi ba.

Wanda bai yi karatun digiri na biyu ko na uku ba yakan ɗauka cewa mu ne muka fi kowa samun sauƙi a lokacin, tunda aikinmu karatu ne da rubutu, kuma ana iya yin su a gida. Wannan fahimta tana da gyara. Ɗalibin babban digiri yawanci magidanci ne ko matar aure, ma'aikaci ne a wata ma'aikata ko malami a wata kwaleji, yana zuwa daga Azare ko Misau ko Gombe, ya kwana biyu a ɗakin aboki ya koma. Bayan ya gama kwasa-kwasan shekarar farko ba shi da aji, ba shi da jadawalin lacca, abin da ya rage masa na jama'a shi ne haɗuwar da ake yi a bakin ofishin malamin da ke duba aikinsa, da taron gabatar da takarda na sashe, da hirar da ake yi bayan sallar azahar ko a teburin mai shayi. A irin waɗannan wuraren ne mutum yake jin cewa wani ma an dawo masa da babi na biyu cike da jan biro, sai hankalinsa ya kwanta, a nan ne kuma yake samun wanda zai nuna masa yadda ake sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Da aka rufe makaranta, wannan 'yar igiyar da ta ɗaure mu ita ce ta fara tsinkewa.

Asarar da aka yi wa bincike kuwa ba ta zo iri ɗaya ba. Ɗalibin aikin gona da gwajinsa ke buƙatar damina biyu a gonar makaranta, idan damina ɗaya ta wuce shi, shekara guda ce ta tafi, domin ruwan sama ba ya jiran kowa. Mai binciken ƙananan halittu da ya bar samfurinsa a firjin ɗakin gwaje-gwaje ya dawo ya tarar dole ya sake daga farko. Ɗalibar fannin ilimi da ta buga takardun tambayoyi domin raba wa 'yan sakandare ta zauna da su a jaka wata da watanni, saboda makarantun a rufe suke. Haramcin tafiya tsakanin jihohi, wanda ya kai har ƙarshen watan Yuni, ya hana masu aikin fili zuwa wuraren da za su tattara bayanai. Kuma ina so in ambaci 'yan'uwanmu mata musamman, domin da yara suka dawo gida gaba ɗaya, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, da yawansu ba su da lokacin buɗe littafi sai bayan kowa ya yi barci.

To, me ya riƙe mu? A sashenmu muna da zauren WhatsApp wanda a da ba a amfani da shi sai don sanarwa da ta'aziyya. Wata 'yar'uwarmu ce, mai 'ya'ya uku, ta kawo shawarar kowane mako mutum ɗaya ya turo shafi biyar na abin da ya rubuta, sauran su karanta, a haɗu ranar Asabar da daddare a tattauna. Mun fara da Zoom, wanda na kyauta yake yankewa bayan minti 40, ga matsalar sabis da rashin wuta, daga baya muka koma ga saƙon murya, domin ya fi cin data kaɗan kuma mutum yana iya saurare duk lokacin da ya samu caji. Muka riƙa yin karo-karo ana saya wa waɗanda ke koyarwa a makarantun kuɗi data, tunda albashinsu ya tsaya cak. Wanda ke da damar shiga mujallun ilimi ta intanet yakan sauko wa kowa da takardun da yake nema. Ranar da ɗaya daga cikinmu ya yi shiru mako biyu, aka tashi mutum ya je har unguwarsu, aka tarar mahaifinsa ne ba shi da lafiya. Ni kaina babi na huɗu na kundina a wannan zauren na WhatsApp aka gyara shi, kuma gyaran da abokan karatuna suka yi mini ya sa ban sha wahala ba ranar da na tsaya gaban mai jarrabawa na waje.

Wajibi ne in yaba wa malaman da, duk da watannin da suka yi ba albashi, suka ci gaba da amsa wayarmu suna ba mu shawara. Amma gaskiya ita ce, duk wannan ya tsaya ne a kan kirkin ɗaiɗaikun mutane, kuma akwai sassan da ba a samu mai tara jama'a ba, inda wasu ɗalibai suka tafi ba su sake dawowa ba.

Saboda haka roƙona ga shugabannin makarantun manyan digirori shi ne su ɗauki wannan zaman tare a matsayin wani ɓangare na karatun kansa. A ware wa ɗaliban ɗaki guda a kowace tsangaya, mai wutar sola da intanet, wanda za su iya shiga har dare. A ba su damar shiga ɗakin karatu na intanet daga gidajensu, a kuma rubuta a cikin ƙa'ida cewa watannin da makaranta ta yi a rufe ba za a lissafa su cikin wa'adin kammala karatu ko kuɗin rajista ba. Ku kuma sababbin ɗalibai, kafin ku fita daga wannan zauren yau, kowa ya karɓi lambar mutum uku daga sashensa, ku tsayar da ranar da za ku fara karanta aikin juna. Na gode, wassalamu alaikum.