Katangar ƙarfen da ta tare hanyar ma'aikata

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A daren 15 ga Maris na shekarar 1989, wasu leburori suka shiga wani fili a tsakiyar birnin Niyok na ƙasar Amurka, kafin gari ya waye sun yanka wata doguwar katangar ƙarfe gida uku, sun loda ta a mota. Gwamnatin Amurka ce ta biya dala 175,000 aka ƙera katangar, ita ce kuma ta sa aka sare ta bayan shekara takwas. Wanda ya ƙera ta, Richard Serra, yana cikin manyan masu fasahar sassaƙa na zamaninsa. Ya raɗa mata suna Tilted Arc, wato lanƙwasa mai ɗan karkata.

Kafin mu shiga rigimar, bari mu ga abin da ya kawo irin waɗannan ƙarafa ƙofar ofisoshi tun farko. Duk wanda ya taɓa ganin hoton tsakiyar Niyok ko Shikago zai lura da dogayen benaye na gilashi, kowanne da fili a gabansa, a tsakiyar filin kuma wani gingimemen abu da ba ya kama da mutum, ba ya kama da dabba. Doka ce ta haifi filayen nan. A 1961 hukumomin Niyok suka yi wa masu gine-gine tayi: wanda ya bar wa jama'a fili a gaban gininsa, za a ƙyale shi ya ƙara hawa a sama. Ɗan kasuwa kuwa ba ya ƙin riba, sai filaye suka yawaita, da yawansu fayau, babu inuwa babu wurin zama. Ita ma gwamnatin tarayya tana da tsarin ware rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kowane sabon gininta don aikin fasaha. Ga fili, ga kuɗi, saura abin da za a kafa.

Me ya sa aka fi son marar kamanni? A ganina akwai dabara a ciki. In ka kafa mutum-mutumin wani janar ko ɗan siyasa, gobe wani zai tono laifinsa. Ƙarfen da ba ya kama da kowa ba shi da jam'iyya, kuma yana dacewa da ginin gilashi. Kada kuma wani ya ce wannan wani haukan Turawa ne. Wanda ya san zanen bangon gidaje a Zariya ko Kano, da dagin da ke gaban babbar riga, ya san ido yana jin daɗin siffa ko da ba hoton komai ba ce.

Shikago ce ta fara shan wannan muhawara. Ranar 15 ga Agusta, 1967, magajin gari Richard Daley ya yaye lulluɓin wani aiki na Pablo Picasso mai tsayin ƙafa 50 a gaban ginin kotunan birnin. Picasso bai taɓa taka Shikago ba, an kuma miƙa masa dala 100,000 ya ƙi karɓa, ya ce kyauta ce ga mutanen gari. Jama'a suka yi cirko-cirko. Wasu suka ce biri ne, wasu kare, wasu kan mace. Har wani kansila ya nemi a cire shi a sa mutum-mutumin wani ɗan wasan ƙwallo. Ba a cire ba. Yara suka gano gindinsa yana da gangara, suka mai da shi wurin sulu, manya suka mai da shi wurin haɗuwa. Yau in ka ce za ka taɓa shi, da mutanen Shikago za ka yi.

To me ya sa na Serra bai samu wannan sa'ar ba? Ba don ya fi wuyar ganewa ba, ai har yau babu wanda ya san ko na Picasso biri ne ko mace. Bambancin yana wajen inda kowanne ya tsaya. Katangar Serra, da aka kafa a 1981, tsawonta ƙafa 120, tsayinta ƙafa 12, an yi ta da irin ƙarfen nan da ake bari ya yi tsatsa da gangan, kuma ta ratsa filin ne ta tsakiya. Ma'aikacin da ya saba miƙewa zuwa ƙofar ofis sai ya zagaya. Serra bai ɓoye ba, haka ya nufa: yana so mai wucewa ya ji jikinsa, ya lura da filin da kullum yake ratsawa ido rufe. A ɗakin baje kolin fasaha wannan tunani ne mai kyau, domin da ƙafarka ka je. Amma ginin nan na ofisoshin gwamnati ne, har da na shige da fice. Akawun da ya makara, da baƙon da ya zo neman takardar zama gabansa na faɗuwa, babu wanda ya tambaye su ko suna son darasi da sassafe.

Ma'aikata kusan 1,300 suka sa hannu a takardar koke. Babban alƙalin kotun cinikayya da ke wurin, Edward Re, ya shige gaba wajen neman a kawar da ita. Aka ce ta tare gani, ta zama allon masu rubuce-rubucen banza, har wani ɓangaren tsaro ya ce za ta iya ƙara ɓarnar bam in ya tashi. Wannan na ƙarshe dai, in kana neman laifin kaza ba ka rasa cewa ta taka maka shanya.

A watan Maris na 1985 aka yi zaman jin ra'ayin jama'a na kwana uku. Mutum 122 suka ce a bar ta, 58 suka ce a cire. Kwamitin mutum biyar, ƙarƙashin William Diamond, shugaban hukumar kula da gine-ginen gwamnati na yankin, wanda tun kafin zaman an san ba ya ƙaunar katangar, ya yanke da ƙuri'a huɗu da ɗaya cewa a ɗauke ta. Nan ne abin ya fi ba ni haushi, masu sauraro. Ranar kafawa ba a shawarci ma'aikata ba, ranar cirewa kuma an kira mutane sun yi magana an yi kunnen uwar shegu da mafi rinjayensu. Gaskiya ne yawancin masu kare ta 'yan fasaha ne da ba a ginin suke aiki ba, amma in haka ne me ya sa aka gayyace su?

An ce za a nema mata wani wuri. Serra ya ce atafau, don wannan filin ya yi ta, ɗauke ta daidai yake da rusa ta. Ya kai ƙara yana neman dala miliyan 30, kotu ta ce ai ya sayar, kaya na gwamnati ne, mai abu kuwa shi ke da iko da abinsa. Sai a 1990, bayan aikin gama ya gama, majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba masu fasaha wani haƙƙi na hana a lalata ayyukansu.

Ni dai in an tambaye ni, ba zan so katangar a ƙofar ofishina ba, ba zan kuma so a sare ta cikin dare kamar kayan sata ba. Bayan an kwashe ta, aka ba wata mai tsara lambuna, Martha Schwartz, aikin filin, ta cika shi da dogayen bencina koraye masu lanƙwasa, inda ma'aikata ke zama su ci abincin rana. Su ma daga baya an tumɓuke su an sake fasalin wurin. Serra ya rasu a watan Maris na 2024, bai yarda an sake kafa katangar a ko'ina ba, gutsattsarinta uku kuma gwamnati ta kai su ma'ajiya.

Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.