Amsoshin Tambayoyinku: Attajiri da Talaka a Dandamali

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau muna tare da malamin wasan kwaikwayo. Wasiƙa ta farko daga Funtuwa: wai dole ne mai fitowa a attajiri ya zama mai ƙiba? Malam, a taƙaice.

Malam: A'a. Tafiyarsa ce za ta nuna, ba tumbinsa ba.

Mai gabatarwa: To, ramammu kun ji, ƙofa a buɗe take. Ta biyu kuwa mutum uku suka aiko irinta, daga Damagaram, Gusau da Zangon Kumasi. Wata malamar makaranta ta ce sun shirya wasa a kan ɗan direba da ke neman 'yar Alhajin da ubansa ke yi wa aiki, amma 'yan kallo sai dariya suke wa talakan. Ina gyaran yake?

Malam: Malama, wannan ba sabon abu ba ne. Tun a wasan gauta, kuyangin fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, a yi dariya, amma kowa ya san abin da ake nufi. Tashe ma da yara ke farawa goma ga azumi...

Mai gabatarwa: Malam, lokaci. Dariyar take tambaya.

Malam: Can na nufa. Kun yayyaga masa riga, kun shafa masa gawayi, kun sa shi gurɓata harshe. Wannan wawa kuka fitar, ba talaka ba. Mai zuwa neman aure mafi kyawun kayansa zai sa. A ba shi yadi mai sauƙin kuɗi, wankakke, an yi masa guga, a jiƙa shi a ruwan shayi ya ɗan dushe. Alhaji kuma shadda da hula zanna bukar. Sauran aikin na wuri ne. Kujera ɗaya tak a dandamali. Saurayi ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa inda kowa zai gani, ya durƙusa taku uku daga kujerar, ya ce "ranka ya daɗe". Alhaji kada ya amsa. Ya ci gaba da duban wayarsa, ya ƙirga biyar a zuci, sannan ya ce, "Kai ne yaron wa?" alhali uban shekara ashirin yana tuƙa shi. Shirun nan shi ke kashe dariya.

Mai gabatarwa: In maimaita wa Malama: kaya masu tsabta, kujera ɗaya, taku uku, shirun ƙirga biyar.

Malam: Haka ne. Amma idan zauren shimfiɗaɗɗe ne, na baya ba za su ga mai durƙuso ba, sai a ɗaga wurin da katako kamar kamu ɗaya. Kuma kada a mai da Alhaji dodo. A ba shi hujja: tsoron bakin dangi, ko alkawarin da ya yi wa abokin kasuwancinsa. In ba shi da hujja, babu karo, wa'azi ne kawai.

Mai gabatarwa: Ni dai a ganina uban yaron ya fi kowa shiga uku, ga ɗa ga abincinsa. A ba shi fitowa guda shi kaɗai. Mai tambaya daga Marwa, ka rubuto shafi huɗu babu tambaya a ciki, haba ɗan'uwa, sake aikowa. Ta ƙarshe: wasan makaranta minti nawa?

Malam: Talatin zuwa arba'in, fitowa biyar.

Mai gabatarwa: Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.