Laccar Duba Babur Kafin a Hau

An gabatar da wannan lacca a wani taron masu babura a Daura, aka kwafo ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Da zan shigo na tsaya wajen baburan da kuka jera a bakin ƙofa, na ɗan tattaɓa su. Ku yafe mini, halin bakanike ne. Akwai wanda na matsa birkinsa na gaba, hannun ya tafi har ya taɓa roba bai kama komai ba. Ba zan faɗi mai shi ba, ya san kansa.

Na kuma san amsar da zai ba ni: "Ai na san halinsa." Wannan kalma ita ta kawo ni nan yau. Babur ba ya lalacewa rana ɗaya. Yau birki ya ɗan saki, sai ka ƙara taka shi. Gobe ya ƙara saki, sai ka fara taka shi tun daga nesa. Bayan wata uku kana tafe kusan ba birki, kai kuma ba ka ji komai ba, domin ƙafarka ta saba. Sai ranar da akuya ta tsallako maka a hanyar Sandamu. Shi ya sa wanda ya fi kowa jahiltar lafiyar babur shi ne mai hawansa kullum. Maganin kuwa a duba shi da hannu da ido, da safe, injin yana sanyi.

Mu fara da birkin. Da yawanmu mun gaji wata magana, wai birkin gaba kayar da mutum yake yi, har wasu ke barin wayarsa a tsinke. Ku saurare ni da kyau. In ka kama birki, nauyinka da na babur da na kaya duk gaba suke komawa, tayar baya ta yi sakayau. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a ƙafar gaba yake. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar sa lokaci ɗaya, musamman a kan rairayi ko cikin kwana. A hankali ake matsa shi, tare da na baya. Kafin ka tayar, tura babur ɗin, kama na gaba: ya tsaya cak? Sake turawa, taka na baya. Ka leƙa wayar, in silinta ya fara warwarewa, ba ta da sauran kwana. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. In kuma ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa.

Sai taya. Duka nauyin nan, kai da buhun gero da wanda ka goya, yana zaune ne a kan wuri biyu da kowanne bai kai tafin hannu ba. Amma yadda muke auna iska, mu ɗan shure ta da ƙafa mu ce ta yi. Ka sa mai faci ya ɗora geji. Irin Boxer ɗin nan da muke hawa, kamar 25 ne a gaba, 28 a baya, in da goyo a kai shi 32. Kuma da safe ake aunawa, domin taya in ta yi tafiya iskar cikinta kumbura take yi, ta yi maka ƙarya. Taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka. Ka haɗa wannan da kwaltar bazara da kayan da ake labtawa ranar kasuwar Mai'aduwa, ka ga yadda ake fashewa a tsakiyar titi.

Akwai abin da mutane kaɗan suka sani. A gefen taya akwai lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, robar ta bushe ta tsattsage. To kada zanen da ke kanta ya ruɗe ka a shago, karanta haihuwarta tukuna.

Kaca kuma, ɗora babur a jak ɗin tsakiya, sa yatsa ka ɗaga ta daga tsakiya. Motsin kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. In ta yi sako-sako tana iya zamewa ta cije ƙafar baya kana cikin gudu. In ta yi tsauri ta cinye haƙora. Lokacin hunturu ƙura da mai suna haɗuwa su zama kamar dutsen wasa wuƙa, sai a wanke ta da kananzir a sa sabon mai. Nan ne kuma zan roƙe ku arziki: mu masu babbar riga ne, matanmu masu dogon hijabi. Kafin ka ja, waiwaya ka ce, "Hajiya, a tattare hijabin." Murfin kacar nan da yara ke cirewa don gayu, ba ado ba ne.

Baƙin mai ba ya son dogon bayani. Babur a miƙe, zaro ma'aunin, goge, mayar, duba. Abin da ke cikin injin bai fi lita 1 ba, ba shi da rarar da zai yi asara. Dubi ƙasa inda ya kwana, in ka ga ɗigo ko ka ji warin fetur, kada ka buga kik.

Fitila, sigina, wutar birki, ham. Minti ɗaya ne. Wutar baya ce muka fi rainawa saboda ba ma ganinta, alhali ita ce ke gaya wa direban tirela cikin hazo cewa akwai ɗan Adam a gabansa. Madubi kuma, samari, ku mayar da shi. Ban san wanda ya ce muku babur ya fi kyau ba kunne ba.

Wani daga baya yana cewa hular kwano fa? Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta, har aka riƙa ganin masu kifa ƙwarya a ka don su wuce shinge. An yi dariya, amma kwalta ba ta san wasa ba. Hular da ba a ɗaure igiyarta ba takan riga mai ita isa ƙasa. Wadda kuma ta taɓa buguwa da ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba ka ga tsaga ba, domin soson cikinta ya riga ya matse.

Malam ya ce ai komai sai Allah ya so. Haka ne, Allah ya gafarta Malam, ba mu ja ba. Amma ku kuka karantar da mu abin da Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙuma: ɗaure ta, sannan ka dogara.

Na ga an kusa kiran la'asar. Mu fita waje kowa ya tsaya kusa da nasa. Kada kowa ya duba babur ɗinsa, ku yi musanya da na kusa da ku, shi hannunsa bai saba da shi ba. Mai jan Boxer ɗin nan na bakin ƙofa, zo mu fara da naka, akwai sifana a aljihuna.