Na Shiga Kantin Littattafan Amish a Ohio

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina gundumar Holmes a jihar Ohio, Amurka, yankin da Amish, wasu Kiristoci masu rayuwar noma da gudun kayan zamani, suka yi kaka-gida, cikin wani ɗan kantin littattafai na gefen hanya. Za ku ga kyamara ba ta ɗagowa daga kan littattafai. Mutanen nan ba sa son a ɗauke su hoto, suna ganin yana jawo girman kai, ni kuwa baƙo ne, dole in kiyaye.

Ku dubi wannan jerin. Littattafan koyon karatu ne na maɗaba'ar Pathway, wadda wasu Amish suka kafa da kansu a Aylmer, Kanada, a 1964. Babu launi, zane ne baƙi da fari, galibi dawakai, kaji da rumbuna. Labaran kuma na gida ne: yaron da ya manta bai rufe ƙofar garke ba, yarinyar da ta ɓoye laifinta har zuciya ta hana ta barci. Yaron da ya tashi da asuba ya tatsi saniya zai buɗe littafi ya tarar da irinsa a ciki. Wannan ne ya kama ni. Ba su zauna jiran wani ya rubuta wa 'ya'yansu ba. Da suka ga littattafan makarantun gwamnati na koyar da rayuwar da ba tasu ba, manoma da malaman ƙauye suka ɗauki alƙalami.

Yaransu aji takwas suke yi su tsaya, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince musu da haka a 1972. Ni kam zan so a ce suna wucewa gaba. Amma kada ka ɗauka karatu ya ƙare nan. Gidan da babu talabijin, babu intanet, in an ci tuwon dare, wato abincinsu na dare, sai a kunna fitila kowa ya ja abin karantawa. Ga mujallarsu ta iyali da ake bugawa tun 1968, ga jaridar The Budget ta garin Sugarcreek, tun 1890 take fitowa. Jaridar galibi wasiƙu ne daga ƙauyuka: an yi ruwa, wance ta haihu, an yi sujada a gidan wane.

Can gefe littattafan Mennonite ne, wasu Kiristoci masu asali ɗaya da Amish, na maɗaba'un Rod and Staff da ke Kentucky da Christian Light da ke Virginia. Iyaye masu koyar da yara a gida na saye sosai.

To, ga babban. Ku ji nauyinsa, ya haura shafi dubu. Martyrs Mirror, tarihin waɗanda aka kashe saboda bangaskiya, an fara buga shi da harshen Holan a 1660, kuma akan ba ango da amarya shi kyauta. A ciki akwai labarin Dirk Willems, wani Kirista ɗan ƙasar Holan. A 1569 ya tsere daga kurkuku, ya bi ta kan tafkin da ya daskare. Mai binsa ya rufta cikin ruwan. Dirk ya ji ihunsa, ya juyo, ya ciro shi. Aka sake kama shi, aka ƙone shi da ransa. Da wannan labarin ake renon yaro a nan, tun kafin ya iya karanta shi da kansa. Ya sa na tuna 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda ikilisiyarsu ta fara a Garkida a 1923, kuma asalinta na da dangantaka da wannan koyarwa ta ƙin ramuwa. Sun san abin da ake nufi, ba a takarda kaɗai ba.

A gida yaran nan Jamusancin Pennsylvania suke yi, wani karin harshen Jamusanci, Turanci a makaranta, Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin sujada kuma da tsohon Jamusanci. Littafin waƙoƙin nasu, Ausbund, tun 1564 yake, fursunoni ne suka fara tsara waƙoƙin a kurkukun Passau da ke Jamus.

Zan ɗaukar wa yarana littattafan aji biyu da na uku. Da na Hausa ne irinsu, masu labarin gona da rijiya da kasuwar ƙauye, da na cika jaka. Bari in je in biya, akwai wasu iyali da ke jira a bayana.