Ciwon Baya da Ƙugu Lokacin Goyon Ciki

Wannan lacca ce da wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, ta gabatar wa mata masu zuwa awo a Zariya, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne macen da za ta zo mini ciki wata takwas tana dafa bango, in na tambaye ta yaushe ciwon ya fara sai ta ce tun wata biyar, amma an ce mata ta yi haƙuri, haka ciki yake. Haƙuri abu ne mai kyau, sai dai wannan ciwo yana da dalili, kuma akwai hanyar sassauta shi.

Idan mace ta samu juna biyu, jikinta yakan fitar da sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira rilaksin, waɗanda ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin ƙugu domin hanya ta buɗe ranar haihuwa. A daidai lokacin ne kuma nauyi ke ƙaruwa, sau da yawa da kilo 10 zuwa 12, ciki ya turo gaba, gadon baya ya lanƙwashe, naman ciki ya miƙe har ya rage ƙarfin tallafar ƙashin baya. Daga nan ake samun ciwon tsatso, da zafin da ke tsayawa a ƙashin gaba a ƙasan mara, wanda ke tsananta idan an buɗe ƙafa ko an tsaya da ƙafa ɗaya.

Mutane suna ɗauka aikinmu matsa jiki ne kawai, alhali mafi yawansa gyara yadda kike motsi ne a cikin gidanki. Ki dubi shara: tsintsiyarmu gajera ce, mace takan sunkuya ta share tsakar gida tun daga bakin zaure har madafi ba ta ɗago ba. Ki ɗaura mata sanda, ki yi sharar a tsaye. Bahon wanki a ɗora shi kan benci, gugar rijiya kuma a bar wa wani. A nan ina roƙon a isar wa maigida da uwar miji da saƙona, domin ba ƙiwa ce ke sa mu ce haka ba. Idan za ki tashi daga shimfiɗa, ki haɗe gwiwoyinki, ki juya gefe, ki sauko da ƙafafu tare, sannan ki tura jikinki da hannu. Wajen kwanciya, musamman daga mako na 28, ki kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ki bar rigingine. Mai ciwon ƙashin gaba ta sa tufafi a zaune, ta daina saɓa yaro a kwiɓi ɗaya, ta kuma guji hawa babur a wawware.

Kwanciya wuni guda ƙara ciwon take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki da ba ta da wata matsala ta samu minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda tafiyar minti 30 sau biyar ta wadatar, a yi ta da sanyin safiya ko bayan la'asar. Muna kuma koyar da matse naman ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, a riƙe daƙiƙa 5, a saki, a maimaita sau 10. Wasu mukan ba su ɗamarar ƙugu. Gashi kuwa da tsumma da ruwa mai ɗumi ake yi a gadon baya, ba a ɗora shi a kan ciki.

Kada ki sayi maganin ciwon jiki a kemis ki sha da kanki, domin irin su ibufurofen da dikulofenak suna iya cutar da jariri, musamman daga mako na 20. Akwai kuma ciwon da ba namu ba ne: bayan da ke murɗawa yana saki kafin mako na 37, zubar jini ko ruwa, zazzaɓi tare da zafin fitsari, ko kumburin sha-raɓa ɗaya mai zafi. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti ake nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Wadda kuma ciwonta ya hana ta barci ko tafiya, ta nemi a rubuta mata takarda zuwa sashen fisiyo, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Yanzu a shimfiɗa mini tabarma, Hajiya ki matso kusa, in nuna muku tashin nan da na ambata, kowacce ta gwada a gabana kafin a fara kiran kati.