Injin tatsar nono: wace lamba zaki tsaya?

Assalamu alaikum masu jego, ya ruwan zafi, ya masu kuka? Yau kan injin tatsar nono zamu yi magana, musamman maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi da ke jikin injin, don shi ne ke sa mata da yawa jefa injin cikin kwaba su ce wahala ce kawai.

Ƙanwata a nan Ƙofar Ƙaura haka ta yi. Hutun haihuwa ya ƙare zata koma makarantar da take koyarwa, yaro bai kai wata 6 ba, ita kuma nono zalla take son bashi, sai ta kunna injin ta danna har ƙarshe, wai gara ya ja da ƙarfi ta gama da wuri ta samu Keke Napep. Kwana 3 kan nonon ya tsage, abin da ke taruwa a kwalbar bai rufe gindinta ba, tana kuka tana cewa nononta ya ƙafe. Bai ƙafe ba wallahi.

Kinga, ba ƙarfin inji ke fiddo ruwan nono ba. Akwai sinadarin oksitosin da jiki ke saki, shi ke matse jijiyoyin nono har kiji ya kawo, wani lokacin ma ɗayan ya fara ɗiga da kanshi. To zafi da fargaba suna danne sinadarin nan. Kina cije baki kina runtse ido, jikinki ya riƙe abinshi kenan.

Ki lura da jariri in ya kama, da farko sauri-sauri yake yi a hankali, sai nono ya kawo sannan ya koma ja mai nisa yana haɗiya. Yawancin injinan lantarki haka aka yi su, mataki biyu. Ki fara da na tausa, mai saurin nan, kamar minti 2 ko har ki ga ya fara zuba. Sannan ki koma na tatsa daga lamba ta ƙasa, ki ƙara ɗaya, ki dakata kaɗan, ki sake ƙarawa, inda kika ji ya fara damunki ki dawo baya da ɗaya. Nan ne wurinki. Ja zaki ji, amma ba zafi ba.

Kuma don Allah kar ki ce ai maƙwabciyata a 8 take tatsa. Wani injin lambarshi 12, wani 9, 5 ɗin wannan ba 5 ɗin wancan bane. Ke kanki na safe da nono ya cika daban, na yamma daban, hagu da dama ma sukan bambanta.

In kin rage har ƙasa kuma zafin na nan, to duba mazurarin da kike kifawa. Galibi mai milimita 24 ake sakowa a kwali, mata da yawa kuma ya yi masu girma. Ɗauki rula ki auna faɗin kan nonon kawai, banda baƙin da ya kewaye shi. Ki kalla lokacin da injin ke aiki, kan ya zauna tsakiya yana shiga yana fita ba ya gogar gefe. In yana goga ya yi kaɗan, in kuma baƙin duk ya tafi ciki ya yi yawa. Ya fito fari fat ko ya kumbura, ba lafiya ba.

Akwai kuma masu cewa injin ya daina ja, sai ƙara lamba suke. Duba 'yar robar nan ta ƙasa mai kama da bakin agwagwa, tana saki in ta tsufa, canza ta ake. Ko batir ne ya yi ƙasa an kwana ba wuta.

Minti 15 zuwa 20 ya isa. Wanda kika tatsa awa 4 yake yi a ɗaki mai sanyi, amma da zafin Katsina na watan Afrilu ni ban yarda ki jira haka ba, ki sa a firij, can yana kwana 4, ko kula mai ƙanƙara. In kika ga jini, ko nonon ya yi tauri da zafi ga zazzaɓi, ajiye dabarun gida ki tafi asibitin Turai 'Yar'adua na nan Katsina ko wanda kika yi awo, ki tafi da injin ma nas ta ga yadda kike kifa shi.