Wai majalisa za ta iya ɗaure hannun shugaban ƙasa kan afuwa?

Jama'a barkanmu da warhaka. Ku ɗauka alƙali ya shekara uku yana fama da shari'a, shaidu sun zo sun tafi, an yanke wa mutum ɗauri, kawai rana ɗaya shugaban ƙasa ya zaro biro ya rattaba hannu a takarda guda, mutumin ya tattara komatsansa ya koma gida. Afuwa kenan. Kuma duk sanda aka yi wadda ta ƙona wa mutane rai sai ka ji ana cewa to ina 'yan majalisa, su yi doka mana su taka masa birki!

To a nan fa gizo ke saƙar. Abin da za a fara tambaya shi ne, wa ya ba shi ikon tun farko? In kundin tsarin mulki ne ya ba shi kai tsaye bai sa sharaɗi ba, dokar majalisa ba ta isa ta ƙwace ba, don kundin ya fi ta ƙarfi.

Ku dubi Amurka. Iyaka biyu kundinsu ya sa: laifin tarayya kaɗai zai yafe banda na jiha, kuma ba ya yafe tsigewa, wannan ma daga Ingila suka gado shi, dokar 1701. Bayan haka filin nasa ne. Tun 1867 Kotun Ƙoli ta ce majalisa ba ta da hurumin rage wannan iko ko ta ware wasu masu laifi ta ce ban da su. Shi ya sa a Satumbar 1974 da shugaba Gerald Ford ya yafe wa tsohon shugaba Richard Nixon, mutumin da ko gurfanar da shi ba a yi ba fa, ƙasa ta ɗau zafi, har Ford da kansa ya je gaban kwamitin majalisar wakilai ya zauna ana masa tambayoyi, aka yi ta kumfar baki, amma afuwar na nan daram ko gezau.

Waɗanda suka yi nasarar rage ikon, kundin suka taɓa. A Faransa da an saba duk 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasarsu, shugaban ƙasa ya rage wa fursunoni wa'adi a dunƙule, a 2008 aka gyara kundin, yanzu sai dai mutum ɗaya-ɗaya. Italiya kuwa tun 1992 afuwar gama-gari sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun yarda, kun san haɗa kan 'yan siyasa har haka ba wasa ba ne.

Ni dai tsarin Kenya ya fi burge ni gaskiya. Kundin 2010 ya ce shugaban ƙasa zai yi afuwa ne bisa shawarar wani kwamiti, akwai antoni janar a ciki da ministan da ke kula da gidajen yari, sannan kundin da kansa ya ce wa majalisa ke ki tsara ƙa'idojin, ta kuma yi dokar a 2011. Har waɗanda aka zalunta kwamitin zai iya jin ta bakinsu kafin a saki mutum.

Sai Brazil. Su kundinsu ya ce azabtarwa da ta'addanci da safarar ƙwaya babu afuwa a kai. Kuma a 2022 da shugaban ƙasar na lokacin Jair Bolsonaro ya yafe wa ɗan majalisa Daniel Silveira, na hannun damansa, kwana ɗaya tal bayan an yanke masa hukunci, ba majalisa ce ta tare shi ba. Kotun Ƙoli ce ta soke afuwar a 2023, ta ce ba don abin da aka ba shi ikon ya yi amfani da shi ba.